Tela Ya Ce A Gaishe Ka

Da aka rufe gari saboda annoba, kowa ya rasa wani abu. Ni hutun ƙarshen mako na rasa, don a kantin magani nake aiki, kuma mu ba a rufe mu ba, ƙara mana aiki ma aka yi. Yayana kuwa jama'a ya rasa, abin da a wurinsa ya fi rashin abinci zafi. Sana'arsa ita ce ƙarfafa wa mutane gwiwa. Kamfani zai kama babban ɗaki a otal, ya tara ma'aikatan da suka manta rabon da a ƙara musu albashi, a kira Yaya ya zo da kwat da makirfo ya bayyana musu cewa matsalar a tunaninsu take. Su tafa masa, a sha shayi, kowa ya koma bakin aiki. Da wannan yake riƙe gida, kuma tsakani da Allah an ba shi baki.

Otal-otal na rufewa sai ya juyo kanmu. Mu huɗu ne a hawa na biyu na wani tsohon bene: Baba, Yaya, matarsa da nake kira Anti, sai ni auta. Tun makon farko ya tara mu a falo ya ce bincike ya nuna ba cutar ke kashe mutane ba, damuwa ce. Ban san wane bincike ba ne, ni dai a kanti ban ga wanda ya zo sayen murmushi ba. Ya kwashe batiran rediyon Baba. Ya hana a ambaci asibiti, ko mutuwa, ko tsadar kaya. Har gaisuwa sai da ya yi wa gyara: wai kada wanda ya ƙara tambayar wani ina gajiya, don tambayar kanta tana tuna wa jiki cewa akwai wani abu wai shi gajiya. Idan na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai Anti ta tare ni a ƙofa, baiwar Allah, ta ce, "Ina ƙarfi?" Ni kuma in ce, "Ƙarfi sai godiya," in wuce ɗaki in zube.

Babban shirin shi ne dariyar safe. Kafin kowa ya sa wani abu a bakinsa za mu tsaya a da'ira a falo, mu ɗaga hannuwa, Yaya ya ba da alama, mu fashe da dariya ba tare da wani ya faɗi abin dariya ba. Wai jiki ba ya bambance ta gaske da ta ƙarya. Wataƙila jiki ba ya bambancewa, amma maƙwabta suna bambancewa, don mutumin hawa na ƙasa ya taɓa tare ni a matattakala ya tambaye ni a hankali ko akwai wanda ya kamata a ɗaure a gidanmu. Yaya yakan jingina wayarsa a kan talabijin ya ɗauke mu, ya tura wa mabiyansa, su aiko masa da hotunan zuciya. Ni a duk bidiyoyin nan kamar mai ciwon haƙori na fito. Baba ne tauraro. Direban bas ne da ya yi ritaya, mai faɗin ƙirji da muryar da ta saba ratsa ƙarar inji, in ya yi dariya har kofuna su motsa a kabad.

Amma dariyar Baba ta gaske ba a falo yake yin ta ba, a taga yake yi.

Daidai tagar ɗakinsa, a tsallaken titi, akwai tagar Tela. Shagon ɗinki a ƙasa, ɗakinsa da matarsa a sama. Tun kafin a haife ni suke tare da Baba, kuma ban taɓa jin ɗaya ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba. Sanin junansu ma da ɓarna ya fara. Baba yana sabon direba ya yi baya da bas ya kwashe rumfar shagon, tun daga ranar Tela bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Ba-Birki. Don a shirya, Baba ya kai masa yadi ya ɗinka masa riga. Da ya karɓo ya ɗaga ta, sai ya ga hannun hagu ya fi na dama tsawo, nan take ya raɗa masa Ɓata-Yadi. Tela ya rantse rigar daidai take, mai ita ne ya karkace garin murɗa sitiyari. Rigar tana ƙasan akwatin Baba, bai taɓa sa ta ba, bai kuma yarda a bayar da ita ba. Ya ce shaida ce, akwai ranar da za a neme ta.

Da Mama ta rasu, Tela ne ya riƙa hawowa kullum da yamma ya zauna kusa da Baba yana zaginsa har sai ya ci abinci. Da aka rufe gari sai suka koma taga, don Tela ba ya riƙe waya, tun zamanin da masu kaya ke farautarsa ya yi rantsuwa a kanta. Da hantsi za ka ji su, titi tsit, ba mota ba mutum.

"Ba-Birki, ashe ka kwana? Na ji an ce cutar tsofaffi take ɗauka, na ce shi ke nan, mun huta."

"Ai ta zo nan tana neman ka. Na ce ta yi haƙuri ta dawo jibi, kamar yadda kake gaya wa kowa."

Yaya ya so ya hana wannan ma, wai kalaman ba su da alheri. Baba ya dube shi ta saman tabarau sau ɗaya, maganar ta mutu.

Wata safiya tagar Tela ba ta buɗe ba. Washegari motar asibiti ta tsaya a ƙofar shagon, mutum biyu cikin fararen kaya kamar masu feshin sauro suka sauko da shi. Baba yana taga. Tela ya ɗaga kai da ƙyar ya faɗi wani abu da ba mu ji ba, amma daga yadda ya nuna direban motar da yatsa sannan ya nuno Baba, mun gane: wai gara wannan direban. Baba ya yi dariya ya rufe taga. Ranar bai taɓa abincin rana ba.

Ba a daɗe ba Tela ya rasu a cibiyar da ake killace masu cutar. Ni na fara ji, don ni ke kai wa matarsa, wadda muke kira Inna, maganin ciwon ƙafa ina ajiyewa a bakin ƙofa. Ta tsaya daga ciki, ni daga waje, ta ce, "'Yata, sun kira. Sun ce har sun binne shi da kansu, wai dokar ke nan." 'Ya'yanta duk suna wasu garuruwa, hanya kuma a rufe. Ko hannunta ban iya riƙewa ba.

Na hau sama ina kuka a cikin takunkumi. Yaya ya tare ni a matattakala, ya ji labari. Na ɗauka shi ma kukan zai yi, don Tela ne ya ɗinka masa kayan makarantarsa na farko. Sai na ga ya gyara tsayuwa ya haɗa yatsu irin yadda yake yi a otal.

"Baba ba zai ji wannan ba."

"Yaya, amininsa ne fa."

"Shi ya sa. Ke kike auna masa jini. Me kika samu jiya?"

Gaskiya ne jinin Baba ya hau tun ranar motar asibiti, likitansa kuma ya ce a kiyaye masa tashin hankali, ga shi a lokacin asibiti ba wurin kai tsoho ba ne. Nan Yaya ya kama ni. Duk haushinsa da nake ji, tsoro ɗaya muke yi: kada labarin ya tafi mana da Baba shi ma.

"Har zuwa yaushe?" na tambaye shi.

"Sai abubuwa sun daidaita. Kafin nan, Tela yana samun sauƙi. Maimaita in ji."

Ban maimaita ba, amma ban faɗa wa Baba ba.

Yaya ya sauka da kansa ya tsaya a ƙofar Inna ya yi mata jawabi. Ban ji duka ba, ƙarshen dai na ji, inda yake ce mata ran Baba a hannunta yake. Wace mace ce za ta ji haka ta ƙi? Daga ranar, kullum da hantsi Inna za ta buɗe taga ta ɗaga wa Baba hannu tana murmushi, matar da ko mai ce mata sannu ba ta samu ba. Baba ya ce, "Ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi," ta yi maza ta saki labule. Maƙwabta ma Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya. Titinmu ya zama titin da kowa ya san an yi rasuwa amma ba mai izinin nuna ya sani.

Matsalar ta fara ne da Baba ya ba ni saƙo. Yaya ya riga ya gaya masa wai akwai wata nas mai kirki da ke ara wa Tela waya ya yi magana da Inna.

"Auta, in kin biya ta wurin Innarku ki ce ta gaya wa Ɓata-Yadi kada ya kuskura ya kai almakashi kan labulen asibiti. Ba na masu haƙuri ba ne irin nawa."

Saƙo kuwa yana son amsa. Da yamma Yaya ya ja ni kicin ya rufe ƙofa, ya shirya amsar, ya sa na haddace. Na ce masa Tela bai taɓa magana haka ba tunda uwarsa ta haife shi. Ya ce ciwo yana canza mutum, kuma mai samun sauƙi ba ya zagi, amsar dole ta ƙara wa Baba ƙarfi. Na ce to, ai kai ne gwani.

Baba yana shan shayi na tsaya a gefensa.

"Baba, Tela ya ce a gaishe ka. Ya ce yana kewarka, kuma kowace safiya kyauta ce daga Allah."

Ya ajiye kofin a hankali. "Haka ya ce?"

"Haka Inna ta ce ya ce."

Ya daɗe yana kallon kofin, kamar ƙuda ya faɗa ciki. Can ya ce, "To, madalla," ya tashi ya shiga wanka. Washegari a dariyar safe ba wanda ya kama ƙafarsa. Yaya ya ƙifta mini ido, wai kin gani.

Tun daga nan Tela ya shiga samun lafiyar da bai taɓa samu ba yana raye. Tarinsa na shekara da shekaru ya tafi. Ya fara cin faranti biyu. Mutumin da in ya sunkuya ɗaukar allura sai an tayar da shi, sai ga shi yana motsa jiki da sassafe a barandar cibiyar. Ya daina shan shayi mai sukari. Ya fara ɗinka wa ma'aikatan jinya takunkumi kyauta, kuma a kan lokaci, wanda wannan kaɗai ya isa a san akwai lauje a maganar. Kowace yamma Baba ya ba ni zagi in sauka da shi, in hawo da addu'a da nasiha.

"Ki ce masa in abincin asibiti ya yi masa daɗi ya zauna can, titi ya yi kyau da ba ya nan."

"Baba, ya ce zumunci ya fi komai, kuma ka riƙa shan ruwa sosai."

"Allah sarki."

Da tafiya ta yi tafiya, Yaya ya fara jin daɗin Telan nasa. Ina ganin har ya fi son sa a kan na ainihin, wanda a rayuwarsa ba ya kiran Yaya da komai sai Mai Sayar da Iska. Wata rana ya ce in gaya wa Baba wai nas ta nuna wa Tela bidiyon dariyar safe, yanzu duk ɗakinsu sun ɗauka, Tela ne ma ke ba da alama, kuma ya ce a gaya wa Yaya ya ci gaba, yana ceton rayuka. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, mamaci ma sai ka sa ya yaba maka?" Ya ce kada in ƙara faɗin wannan kalmar a gidan nan. Anti tana wanke-wanke ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba. Ita abin da ya dame ta a lokacin ruwa ne. Wankan Baba ya yi tsawo, sai ya saki famfo ya yi ta zuba har tanki ya kusa ƙarewa, ga ba mai iya yi masa magana.

Wurin Inna ne abin ya fi ci mini rai. Duk ta rame, kumatunta sun faɗa. Ina ajiye magani za ta ce, "'Yata, yau me mijin nawa ya ce? Gara in sani, kada Babanku ya tambaye ni in kwafsa."

In gaya mata. Ta yi ta jinjina kai.

"Wannan ai ya fi nawa hali. A ina kuka samo shi? Ni nawa ko a ranar aurenmu cewa ya yi mayafina bai zauna ba." Sai ta goge ido da gefen zani. "Ki ce wa yayanki fuskata ta gaji. Murmushin nan ya fi ciwon ƙafar ciwo."

Na kai wa Yaya saƙon. Ya ce ta riƙa yi daga zuciya, ba zai yi ciwo ba.

Ana nan sai aka fara maganar za a sassauta dokar, a bar mutane su fita wasu ranaku. Ko ba rediyo labari ya shigo, don mutumin hawa na ƙasa ya faɗa da ƙarfi a matattakala. Baba ya ce ranar farko da aka buɗe zai je cibiyar, ko ta taga ce ya ga wannan ɗan wasan motsa jikin da idonsa. Yaya ya sha jinin jikinsa. A kicin ya fara kawo shawarwari: a ce an mayar da Tela wata cibiya mai nisa, ko a ce ya tafi hutawa wurin 'ya'yansa, ko ma a ce hukumar ta ga ƙwazonsa ta ɗauke shi aiki.

"Sai kuma ya yi ritaya a can, ko?" na ce. "Yaya, ka gaya masa. In ba za ka iya ba ni zan faɗa."

"In ya faɗi, ke za ki ɗauka?"

Ya ce a ba shi ɗan lokaci ya shirya zuciyar Baba, a fara da rufe tsofaffin rigingimu, don zuciyar da ba ta riƙe da komai ta fi ɗaukar labari. Ya ba ni saƙon ranar. Na ce wannan kam ba zan kai ba. Sai ya kai da kansa, muna cin abinci.

"Baba, albishirinka. Tela ya aiko. Ya ce ya yafe maka rumfar nan. Kuma ya ce ka yi haƙuri da maganar riga, ya yi tunani ya gane laifinsa ne, shi ya ɓata ɗinkin."

Baba ya tsayar da cokali a hanya. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya mayar da cokalin cikin faranti. Bai ce madalla ba, bai ce Allah sarki ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, kuma wannan karon ba mu ji ƙarar famfo ba.

Da safe muka tsaya a da'ira, waya tana kan talabijin tana ɗauka, ba Baba. Yaya ya kira shi da muryarsa ta otal. Ƙofa ta buɗe, ya fito sanye da wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, duk layin ninki a jikinta, tana warin akwati. Ban taɓa ganin ta a jikin mutum ba, amma na gane ta. Ta ɗan matse shi a ciki.

Ya tsaya a tsakiyarmu ya saki hannuwansa a gefe. "Auta, zo ki duba mini."

Na duba. Hannun dama ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Na hagu ma ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Sai a lokacin na lura, ni da nake ɗaura masa abin awon jini kullum, cewa kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

"Daidai take, Baba."

"Daidai take," ya ce. "Ban taɓa gwada ta ba. Ɗaga ta kawai na yi ranar na ga hannu ɗaya ya zarce, na fara surutu." Ya juya ga Yaya. "Babba, mutuwarsa na haɗiye saboda ku. Amma a ce ya amsa ya ɓata ɗinki, wannan ƙaryar ba zan bari a binne shi da ita ba."

Ni hannuna ya riga ya kai kan abin awon jini a kan tebur.

"Ajiye wannan, Auta, ba yau zan faɗi ba."

Da ƙyar Yaya ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Kai. Ranar da aka ce yana kewata. Mutumin da ranar da uwarku ta rasu ya zauna kusa da ni ya ce in daina kuka, hancina yana ƙara girma. Shi ne zai aiko mini da kowace safiya kyauta ce? Ina jin haka na san ya tafi."

"To me ya sa ba ka ce komai ba? Kullum kana ba da saƙo."

Baba ya zauna a hannun kujera. "Saƙon, na saba ne. Bakina ba ya iya wuni bai zage shi ba. Shirun kuma saboda kai ne. Na ga aikinka ya tsaya, kana zagaya gidan nan kamar kaza a keji, ni kaɗai na rage maka fasinja. Na ce in na sauka, yaron nan zai kife. Sai na yi ta maka dariya." Ya shafa hannun rigar. "Amma na gaji, Babba. Kuka a banɗaki ba ya fita duka. Ga baiwar Allah can kun sa ta tana mini murmushi, ni ma ina mata, kamar mahaukata biyu. Ka ba ni yau ɗaya."

Bai jira izinin ba. Ya shiga ɗaki ya buɗe taga, muka bi shi muka tsaya a baya. Lokacin Inna ya yi. Labule ya motsa, ta leƙo, ta ɗaga hannu, ta shirya fuskar da aka koya mata.

"Sauke hannun," in ji Baba, da muryar nan tasa da ta cika titi. "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Allah ya ba ki dangana."

Hannun ya sauka a hankali. Ta dafa ƙarfen taga, fuskar ta rushe, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Sai na ji wata taga ta buɗe, sai wata. Mutumin hawa na ƙasa, mai gyaran takalmi na kusurwa, matar da ke saman shagon aski, kowa ya leƙo yana faɗin tasa gaisuwar, muryoyi suna haɗuwa a saman titin da ba kowa a kansa. Ashe duk a maƙogwaro suka riƙe ta.

Baba yana kuka shi ma, ba ɓoyewa, hawaye na zuba a gaban rigar. Da abin ya ɗan lafa sai ya miƙa hannuwansa biyu waje ta taga.

"Kin ga wannan? Rigar ce. Daidai take. Ɗan banzan nan gaskiya ya faɗa, ni ne karkatacce."

Inna ta ɗago ta ƙura wa rigar ido. Sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta, dariyar da ta sa ta riƙe ciki.

"Ai ya sani," ta ce. "Kullum cewa yake, Ba-Birki ba zai sa rigar nan ba sai na mutu, don kada ya ga fuskata."

Baba ya yi dariya har ya dafa bango, irin ta taga, wadda muka daɗe ba mu ji ba. Ita ma ta ƙare da kuka, amma bai faɗi ba. Yaya ya matsa kusa da shi ya leƙa. Na ɗauka jawabi zai yi, har na fara jin haushi. Cewa kawai ya yi, "Inna, ki yafe mini. Ya haƙuri?" Wayarsa kuwa tana can kan talabijin tana ɗaukar falon da ba kowa, har batirinta ya mutu.

Ranar ma sai da na je aiki, don masu ciwo ba su san an yi rasuwa a titinmu ba. Da na dawo da yamma na tarar da Baba a kujera yana gyangyaɗi cikin rigar, rediyo a cinyarsa yana karanta labarai marasa daɗi. Anti ta tare ni a ƙofa, ta buɗe baki, sai ta waiwaya ta dubi mijinta. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba, idanunsa jajur.

"Auta," ya ce, "ina gajiya?"

Na so in ce ba gajiya, kamar yadda kowa ke cewa.

"Akwai ta, Yaya."

Ya matsa ya ba ni wuri.